Me ya sa tsohon U-Boot ke ƙin ginuwa da sabon GCC, kuma me ya sa wanda ya ginu ma kan ƙi tashi?

Duk shekara, tsakanin Afrilu da Mayu, masu kula da GCC, manhajar da ke juya rubutun harshen C zuwa umarnin furosesa, kan fitar da sabon babban zubi, bayan wasu watanni kuma rabe-raben Linux irin su Debian da Ubuntu su ɗauke shi. Daga nan sai koke-koke su fara: mutum ya sabunta kwamfutarsa, ya koma kan manhajar da ya saba ginawa ba tare da ya taɓa ko harafi ɗaya a cikinta ba, sai ginin ya tsaya da jan rubutu. GCC 14 na Mayun 2024 ya mayar da wasu tsofaffin gargaɗi kurakurai masu tsayar da aiki, GCC 15 na Afrilun 2025 kuma ya koma bin dokokin C23, sabon tsarin harshen C, idan ba a gaya masa wata doka ba. Manhajoji da yawa kan ji jiki a irin wannan lokaci, amma manhajar tada na'ura, wato butloda irin su U-Boot, ta fi kowacce, kuma akwai dalilin hakan.

## Kalmomin da ya kamata a fara warwarewa

Butloda ita ce manhajar da ke fara aiki idan an kunna na'ura, kafin Linux ko Android su farka. Aikinta ta daidaita agogon furosesa, ta tada babbar ma'adanar DRAM, ta karanto babbar manhaja daga kati ko filash, sannan ta miƙa mata ragama. A duniyar ƙananan na'urori masu furosesan ARM da RISC-V, wadda ta fi yaɗuwa ita ce U-Boot. Ta samo asali ne daga PPCBoot da Wolfgang Denk na Jamus ya fitar a 2000, aka sauya mata suna a 2002 bayan an haɗe ta da reshen ARM. Ita ke cikin ɗimbin rautoci, dikodoji, kyamarorin tsaro da allunan gwaji.

Abin da ake kira kayan haɗi kuwa ba manhaja ɗaya ba ce. Akwai kwamfaila, wato GCC ko Clang, mai juya rubutun C zuwa umarnin furosesa. Akwai asembla da linka, waɗanda ke zuwa cikin kunshin binutils, na farko ya mayar da umarnin zuwa lambobin inji, na biyu ya ɗinke gutsattsarin ya ajiye kowanne a adireshinsa. Akwai kuma libgcc, ƙaramin rumbun ayyuka da kwamfaila ke kira a ɓoye idan furosesa ba ta iya wani lissafi da kanta ba, kamar raba lamba mai bit 64. Kowanne da nasa zubin da nasa lokacin fitowa.

Sannan gini ɗaya na U-Boot kayan haɗi biyu yake amfani da su. Ɗaya na na'urar da ake gina wa, wanda ake nunawa da `CROSS_COMPILE`, misali `arm-linux-gnueabihf-` ko `aarch64-linux-gnu-`. Ɗayan kuma GCC na kwamfutar da ake aikin a kanta, wanda ke gina ƙananan kayan taimako irin su `mkimage` da `dtc`. Rabin ruɗanin da mutane ke shiga daga nan yake: kuskure ya fito daga na biyun, su kuma suna ta sauya na farkon.

## Abin da ya bambanta butloda da sauran manhajoji

Manhajar da ke gudana a kan Linux tana samun komai a shirye: ma'adana, laburaren C, da tsarin da zai kama ta idan ta faɗi. Butloda ba ta samun ko ɗaya. Saboda haka tana dogara da halayen kwamfaila da ba a rubuta su a dokar harshen C ba. U-Boot, alal misali, tana keɓe rijista guda a furosesa don ajiye adireshin bayananta na gama-gari, `r9` a ARM mai bit 32 da `x18` a mai bit 64, tana kuma hana kwamfaila taɓa ta da zaɓin `-ffixed-r9`. Tana da nata rubutun da ke gaya wa linka inda kowane sashe zai zauna. Tana kwafe kanta daga wani adireshi zuwa wani a tsakiyar aiki. Duk waɗannan yarjejeniya ce tsakanin masu rubutun da kwamfailar zamaninsu, kuma ba wanda ya yi alkawarin cewa kwamfailar bayan shekara goma za ta mutunta ta.

Masu GCC kuma ba da gangan suke karya wa kowa aiki ba. Yawancin sauye-sauyen na halin da kwamfaila ke ɗauka ne idan ba a ba ta umarni ba. Tsohon kod da bai faɗi abin da yake so a fili ba, sai ya tashi da sabon hali.

## Kurakuran da ke tsayar da gini

Waɗannan su suka fi tayar da hankali a ido, amma su ne masu sauƙi, domin saƙon kuskuren kansa yana nuna shekarar da matsalar ta fito.

Wanda ya ɗauko U-Boot na kafin 2015 ya gina da GCC 5 ko sama zai fara cin karo da `linux/compiler-gcc5.h: No such file or directory`, lambar tana sauyawa daidai da zubin kwamfailar. Dalili shi ne tsohon tsarin, wanda aka aro daga Linux, yana neman fayil dabam ga kowane babban zubin GCC, kuma a lokacin na 3 da na 4 kaɗai ke akwai. Mutane kan kwafi `compiler-gcc4.h` su sauya masa suna, ginin ya wuce wannan matakin. Sai dai gaba kaɗan akwai wani shinge. GCC 5, wanda ya fito a Afrilun 2015, ya bar dokar `gnu89` ya koma `gnu11`, kuma ma'anar `inline` da `extern inline` kusan juyewa ta yi tsakanin dokokin biyu. Abin da ke biyo baya shi ne `multiple definition`, ko `undefined reference`, ko ƙorafin cewa wani aiki `aliased to external symbol`. Gyaran gaggawa shi ne ƙara `-std=gnu89` ko `-fgnu89-inline` a zaɓuɓɓukan gini. Gyaran gaskiya shi ne mayar da waɗannan ayyukan `static inline`, a kuma cire `inline` daga waɗanda ake yi wa laƙabi.

GCC 10 na Mayun 2020 ya zo da `-fno-common` a matsayin hali na asali. A da, idan fayiloli biyu suka ambaci suna ɗaya ba tare da `extern` ba, linka kan haɗe su shiru. Yanzu ya daina. Saƙon da ya yi suna a nan shi ne ``multiple definition of `yylloc'`` daga cikin `scripts/dtc`. A lura: wannan kuskuren na GCC ɗin kwamfutar gini ne, don haka ko kayan haɗin ARM na shekarar 2013 aka ɗauko, ba zai tafi ba. Layi ɗaya ne, `YYLTYPE yylloc;` a fayil ɗin `dtc-lexer`, a goge shi ko a sa masa `extern`; idan akwai kwafin da sunansa ya ƙare da `_shipped`, a gyara shi ma.

Binutils ma na da nata. Zubin 2.38 na Fabrairun 2022 ya koma bin sabon tsarin umarnin RISC-V, inda aka ware umarnin rijistocin sarrafawa da `fence.i` zuwa rassa biyu masu zaman kansu. U-Boot da OpenSBI, manhajar da ke rakiyarta a RISC-V, na lokacin suka fara faɗuwa da `unrecognized opcode` a kan `csrr` da `csrw`, umarnin da ba butlodar RISC-V da za ta yi aiki ba tare da su ba. Magani shi ne a rubuta `-march=rv64imac_zicsr_zifencei`, amma tsohon asembla bai san waɗannan sunaye ba, don haka dole fayil ɗin gini ya gwada kafin ya zaɓa. Zubin 2.39 na Agustan 2022 kuma ya fara gargaɗin `LOAD segment with RWX permissions`. Ga manhajar Linux gargaɗi ne mai ma'ana, ga butloda kuwa abu ne da aka saba. Matsalar ita ce Trusted Firmware-A, wadda yawancin allunan ARM masu bit 64 ke buƙata tare da U-Boot, tana umartar linka ya ɗauki kowane gargaɗi a matsayin kuskure. Sai da aka ƙara `--no-warn-rwx-segments`.

Akwai saƙo ɗaya mai ɓatar da mutane sosai: `unrecognized -march target: armv5`, alhali allon da ake gina wa ARMv7 ne. Abin da ke faruwa shi ne tsohon fayil ɗin gini yana gwada `-march=armv7-a` tukuna, idan kwamfaila ta ƙi sai ya sauko har zuwa `armv5`. A wasu kayan haɗi na `gnueabihf`, musamman daga GCC 11, gwajin farko yana faɗuwa don wani dalili dabam: kwamfailar na jiran furosesa mai sashen lissafin lambobi masu ɗigo, gwajin kuma bai ambaci sashen ba, bai kuma ce `-msoft-float` ba. Sai a faɗa kan `armv5`, sunan da GCC 9 ya riga ya cire. Wanda ya manta sa `CROSS_COMPILE` gaba ɗaya ma kan ga saƙo mai kama da wannan, don haka a fara duba nan.

## Rikicin lissafi mai ɗigo da libgcc

A ARM mai bit 32 akwai hanyoyi biyu na miƙa lambobi masu ɗigo tsakanin ayyuka: ta rijistocin gama-gari, ko ta rijistocin VFP, wato sashen lissafin lambobi masu ɗigo. Haruffan `hf` a ƙarshen sunan kayan haɗi na nufin hanya ta biyu. U-Boot ba ta lissafi mai ɗigo, kuma da `-msoft-float` ake gina ta. Amma da zarar wani direba ya raba lamba mai bit 64 da alamar `/`, kwamfaila za ta kira `__aeabi_uldivmod` daga libgcc, libgcc ɗin kayan `hf` kuma an yi masa hatimin hanya ta biyu. Linka ya ƙi haɗa su, ya ce `uses VFP register arguments, u-boot does not`.

Hanyoyi uku ake bi. A kunna `CONFIG_USE_PRIVATE_LIBGCC` don U-Boot ta yi amfani da nata kwafin ayyukan, ko a gyara direban ya riƙa rabawa da `do_div` ko `lldiv`, ko a koma kayan haɗin `arm-linux-gnueabi-` marasa `hf`. Ta farko ta fi sauƙi, kuma ita ce halin asali a ARM a zubin U-Boot na yanzu.

## Ginin da ya yi kiba

Kafin DRAM ta tashi, wurin aiki kaɗai shi ne 'yar ma'adanar SRAM da ke cikin cif. Shi ya sa ake raba U-Boot biyu: ƙaramin sashe mai suna SPL, wanda ROM ɗin cif ke lodawa, sai babban. A yawancin tsofaffin cif na Allwinner, irin su H3, iyakar SPL kilobayit 32 ce, a A10 kuma 24. Kwamfailoli biyu ba sa fitar da girma ɗaya daga kod ɗaya. Yadda kowacce ke shigar da ƙananan ayyuka cikin manya da yadda take jera bayanai ya bambanta. Bambancin bayit ɗari kaɗan ya isa a ga ``region `.sram' overflowed by``. Ba kuma kullum sabuwa ce mai laifi ba: tun zubin 2018.01, U-Boot ta daina karɓar GCC na ƙasa da 6 ga ARM, kuma cikar SPL da tsofaffin kwamfailoli na daga cikin dalilan.

Ana rage kiba da gina SPL da umarnin Thumb-2 ta `CONFIG_SYS_THUMB_BUILD`, da cire direbobin da ba a buƙata a wannan mataki, da kunna `CONFIG_LTO` a allunan da ke goyon bayansa. Abin da bai kamata ba shi ne ɗaga iyakar a fayil ɗin saiti don kuskuren ya ɓace. Iyakar ta ROM ce, an ƙone ta cikin cif tun a masana'anta.

Misali mafi tsanani yana duniyar Arduino. Optiboot, butlodar Arduino Uno, bayit 512 kacal aka ware mata a ƙarshen filash na ATmega328P, daga adireshin `0x7E00`. Wani zubin `avr-gcc` zai shigar da ita, wani kuma ya zarce da 'yan bayit. Mataki na gaba da fis ɗin cif ke bayarwa bayit 1024 ne, wato an ci rabin kilobayit daga rabon manhajar mai amfani, an kuma sauya adireshin farawa.

## Wanda ya ginu lafiya amma allo ya yi shiru

Nan ne asarar take. Ginin ya kammala ba ko gargaɗi, an rubuta shi a kati ko filash, an kunna, babu ko harafi a layin siriyal, wanda allo ke fitar da saƙonninsa ta kansa.

Tsohon misali shi ne GCC 4.7 na 2012, wanda ya fara ɗaukar cewa furosesan ARMv6 da ARMv7 za su iya karanta kalma mai bayit huɗu daga adireshin da ba ya rabuwa da huɗu. A ƙarƙashin Linux haka ne. A butloda kuwa, U-Boot kan kunna binciken daidaito a rijistar sarrafawa, kuma ko ba wannan, muddin sashen MMU mai fassara adireshin ma'adana a kashe yake furosesa na ɗaukar ma'adana tamkar rijistocin na'ura, inda irin wannan karatu haramun ne. Abu mai sauƙi kamar cika ƙaramin jerin haruffa a cikin aiki sai ya jawo `data abort`. Zaɓin `-mno-unaligned-access` ne ya kashe wutar, takwaransa a bit 64 kuma `-mstrict-align`. Duk wani reshen kamfani da ya rabu da asalin U-Boot kafin gyaran yana ɗauke da cutar har yau.

Na biyu shi ne adireshin sifili. A dokar C, manuni, wato abin da ke riƙe adireshi, idan darajarsa sifili ce ba ya nuna komai, don haka kwamfaila na da 'yancin goge binciken da take ganin ba shi da amfani. A cif da dama kuwa sifili adireshi ne na gaske. A Allwinner A20 da H3 daga nan SRAM ta fara. Shi ya sa U-Boot ke gini da `-fno-delete-null-pointer-checks`. Na uku shi ne madaukin jinkiri da rijistocin na'ura da aka rubuta ba tare da `volatile` ba. Tsohuwar kwamfaila ta bar su ne don ba ta da wayon cire su. Sabuwa ta ga madauki ba ya haifar da komai, ta share shi, sai a taɓa DRAM kafin ta gama shiri. Irin wannan kan yi aiki a allo ɗaya ya ƙi a wani, ko ya tashi da safe ya ƙi da zafin rana.

Kayan haɗin da rabe-raben Linux ke bayarwa na ƙara nasu. Ubuntu ta daɗe tana kunna kariyar tari a asali, wadda ke jawo neman `__stack_chk_fail`, kuma daga Ubuntu 16.10 da Debian 9 aka kunna PIE, wato gina manhaja yadda za ta iya zama a kowane adireshi. Sabuwar U-Boot na kashe su da `-fno-stack-protector` da `-fno-PIE`. Wadda ta tsufa sosai ba ta san da zamansu ba.

## A daskare kayan haɗi, ko a gyara kod?

Masu ra'ayin farko, galibi kamfanonin da ke da kaya a kasuwa, suna cewa butlodar da aka gwada an gwada ta ne tare da kwamfailarta. Sauya kwamfaila daidai yake da sauya kod, sai an maimaita gwajin sanyi da zafi da na katsewar wuta. Don haka suke ajiye kayan haɗin da mai cif ya bayar, sau da yawa na Linaro, wanda zubinsa na GCC 7.5 ya fito a Disambar 2019, su kulle shi cikin kwantenar Docker tare da tsohuwar Ubuntu. Hujjarsu na da ƙarfi, musamman ga na'urar da ba za a sake taɓa butlodarta ba. Rauninta shi ne kayan da ke kewaye na ci gaba da tsufa: Python 2 ya mutu a farkon 2020, OpenSSL 3.0 na 2021 ya sauya abubuwan da `mkimage` ke dogara da su wajen sa hannu, SWIG 4.3 na 2024 ya karya ginin `pylibfdt`, ɗaya daga kayan taimakon gini. Kwantenar da ba a adana ta da kyau ba, wata rana ba za a iya sake haɗa ta ba.

Masu ra'ayi na biyu, wato masu kula da asalin U-Boot da ayyuka irin su Buildroot da Yocto, suna cewa yawancin abin da sabuwar kwamfaila ke tonawa kuskure ne na gaske da ya daɗe a kwance. Kiran aikin da ba a gabatar da shi ba, wanda GCC 14 ya haramta, a furosesa mai bit 64 yana iya yanke rabin adireshi. Rufe shi da zaɓi ɓoye ciwo ne. Raunin wannan ra'ayi kuɗi ne da lokaci: reshen kamfani na iya ɗauke da dubban layuka na tada DRAM da ba su taɓa shiga asalin U-Boot ba, kuma mai ƙaramin kamfani ba shi da takardun cif ɗin da zai sake rubuta su.

A aikace, ƙungiyoyin da suka ƙware kan haɗa biyun: kayan haɗi ɗaya daskararre don abin da ake fitarwa, da gini na gwaji da sabon GCC a gefe don a ga gargaɗi tun da wuri.

## Tsarin bincike idan abin ya faru

A fara da sanin wace kwamfaila ce ta yi magana. A layukan ginin U-Boot, `HOSTCC` da `HOSTLD` na kwamfutar gini ne, `CC` da `LD` na na'ura. `make V=1` na nuna cikakken umarnin da duk zaɓuɓɓukansa. A rubuta abin da `gcc --version` da `ld --version` na ɓangarorin biyu suka ce, a gwama shekararsu da ta U-Boot, wadda ke cikin sunanta. Tazarar da ta wuce shekara uku ko huɗu alama ce. Bayan kowane sauyin kayan haɗi a yi `make distclean`, domin gutsattsarin tsohon gini kan haifar da kurakuran da ba su da asali. Mai neman tsohon zubin kayan haɗi zai samu a shafin kernel.org, wanda `buildman --fetch-arch` ke saukewa daga gare shi, ko a na Arm da na Bootlin.

Idan gini ya wuce, a gwama girman `u-boot-spl.bin` da na baya, a duba `u-boot.map`. Kada a fara gwaji a filash ɗin da ke manne da allo. A tada daga katin SD, ko a loda ta USB ta hanyar ceto ta ROM: FEL a Allwinner, maskrom a Rockchip, saukarwa ta siriyal a i.MX. Kebul ɗin siriyal ya zama mai bolt 3.3, gudu galibi 115200, kodayake allunan Rockchip da yawa 1500000 suke amfani da shi, abin da ya sa wasu ke zaton allonsu ya mutu alhali yana magana. Idan shiru ne gaba ɗaya, `CONFIG_DEBUG_UART` na ba da damar buga haruffa tun kafin direbobi su tashi. Saita `SOURCE_DATE_EPOCH` kuma na cire bambancin kwanan wata, ta yadda gini biyu da kayan haɗi ɗaya za su fito iri ɗaya, a san cewa duk bambancin da aka gani daga kwamfaila yake.

## Yadda abin ke isa ga mai amfani

Mai rauta ko dikoda ba zai taɓa ganin saƙon linka ba, amma yana ganin sakamakonsa. Idan aka gano ɓaraka a butloda, kamfanin da ya kasa sake gina tasa ba zai fitar da gyara ba, na'urar ta ci gaba da aiki a buɗe. Wanda ya gina da wata kwamfaila dabam ya tura sabuntawa ba tare da cikakken gwaji ba kuma yana iya kashe na'urori a hannun jama'a, kuma na'urar da butlodarta ta lalace ba ta karɓar gyara ta intanet. Sai mai gyara ya buɗe ta ya sake rubuta filash, idan kuɗin aikin bai fi kuɗin sabuwa ba.

Lasisin GPL na U-Boot ya wajabta wa kamfani bayar da kod tare da rubutun da ke sarrafa gininsa, amma bai wajabta bayar da kwamfailar kanta ba. Shi ya sa masu son tsawaita ran tsohuwar na'ura, irin masu aikin OpenWrt, wato Linux na rautoci, kan karɓi kod ɗin su tarar ba ya ginuwa sai sun yi hasashen zubin da aka yi amfani da shi. Dokar Tarayyar Turai kan tsaron kayan dijital, wadda ta fara aiki a Disambar 2024 kuma manyan sharuɗɗanta za su hau kan masana'antu a Disambar 2027, ta tanadi cewa a ci gaba da gyaran tsaro na aƙalla shekara biyar ga yawancin kaya. Kamfanin da ke sayarwa a can zai buƙaci ya iya sake gina butlodar 2027 a 2032, lokacin da GCC ya yi gaba da manyan zubi biyar.